Tagwayen Kawu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaishe da Inna. Yaya ƙafar nan taka, har yanzu tana yi maka gardama da safe? Ni dai lafiyata ƙalau, sai baƙin mai da ya shige mini farce ya ƙi fita ko da wane irin sabulu.

Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda muka yi wancan karon, ni ina ta ihu a bakin titi, kai kana ta tambayar wa ke magana. Ƙarar inji ta shekara arba'in ta gama da kunnenka. Shi ya sa na ba direban tirela, wanda ka koya wa aiki, wannan takarda, tunda duk bayan mako biyu yana bi ta wajenku.

Kai kawun Mama ne, amma kai kaɗai ka tsaya mini lokacin da na ce kanikanci zan karanta, don haka kai zan kawo wa kukana. Makaranta ta turo ni wani gareji in yi wata shida na sanin makamar aiki. A ƙarshe Maigareji zai sa hannu a takardata, in bai sa ba babu shaidar kammalawa. Mu bakwai ne, ni kaɗai ce mace. Ramin shiga ƙarƙashin mota ɗaya ne a garejin, kuma kullum da mota a kansa, saboda haka sauran aikin a ƙasa ake yi. Su ɗaga mota da jek, su cusa bulo biyu, mutum ya shimfiɗa kwali ya shige.

Jiya Maigareji ya ce in shiga in kwance salansar wata mota. Na tsaya ina kallon bulon. Wani ma'aikaci da ake ce wa Dogo ya kwashe da dariya, ya ce, "Oga, bar ta ta koma wanke noti, ƙarƙashin mota ba wurin 'yan mata ba ne." Raina ya ɓaci, na shiga. Na shiga, Kawu. Duk lokacin da na ja sifana sai in ji bulon ya yi wata 'yar ƙara kusa da kunnena, garin siminti yana zubo mini a wuya.

Na dai fito lafiya. In na ƙi shiga za su ce tsoro ne, Maigareji kuma ya ce ban iya ba. In na ci gaba da shiga, ban san ranar da zan fito ba. Ka faɗa mini yadda zan yi. Don Allah kada Mama ta ji.

Taka,
Sifana

*

Sifana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana gaishe ki, ta ce ki gwada lemon tsami a farcen. Ƙafa kuwa tana nan da halinta.

Na karanta takardarki sau uku. A na ukun na yi jifa da ita, Inna ta ɗauko ta miƙo mini. Yarinyar da na laƙaba wa Sifana don ta san lambar kowace sifana tun ba ta iya rubuta sunanta ba, ita ce za ta kwanta ƙarƙashin mota a kan bulo saboda wani dogon banza ya yi dariya? Da ina kusa da sai kunnenki ya yi zafi.

Kina tambayar ƙafata kullum, kin zaci sanyin tsufa ne. Ba sanyi ba ne. Ina da shekara ashirin da biyu bulo ya dagargaje, wata tsohuwar a-kori-kura ta zauna a kanta. Katako in zai karye yakan yi kuka ya ba ka dama ka gudu. Bulo ba ya sallama. Jek ma haka. Aikinsa ya ɗaga mota, riƙe ta ba aikinsa ba ne. Duk nauyin nan yana kan wata 'yar roba a cikinsa da ba ta fi zoben hannunki ba, ranar da ta gaji ba za ta aiko miki da saƙo ba.

Da na warke na sayi matokarai biyu na ƙarfe masu ƙafa uku, waɗanda kika sani da Tagwaye. Ga su nan na ba direba a cikin buhu. Ki saurara da kyau, don ba zan maimaita ba.

Ki nemi wuri daidai mai tauri, ba gangare ba, ba ƙasa mai laushi ba. In babu sai ƙasa, ki shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin jek da ƙarƙashin Tagwaye. Ki ja birkin hannu, ki bar motar a giya, sannan ki sa waigi, wato guntun katakon tare taya, gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Sai ki ɗaga. Tagwaye ki sa su a ƙashin motar, inda ƙarfe yake da kauri, kada ki sa su a siririn ƙarfen jikin mota mai laushi ko inda tsatsa ta ci. Tsayinsu ya zama ɗaya, ki ƙirga ramukan da ke jikinsu da idonki, ki zura sakatar kowanne har ta fito ta ɗaya gefen. Ki sauke motar a hankali ta zauna a kansu, ki bar jek ɗin yana ɗan taɓa ta kawai. In kin cire taya, ki tura ta kwance ƙarƙashin gefen motar, ba ta da wani aiki a lokacin da ya fi wannan. Kuma kada ki taɓa shiga babu wanda ya san kina ciki.

Saura abu ɗaya, shi ne nawa na kaina. Kafin ki kwanta, ki sa kafaɗa ki ture motar da ƙarfi, ta gaba, ta gefe, ki ce mata, "In za ki faɗi, faɗi yanzu." Ki faɗa da baki, ba a zuci ba. Shekara arba'in ina faɗa, mutane suna cewa na fara taɓuwa, amma har yau ina tafiya da ƙafafuna, ko da ɗaya ta fi ɗaya zumuɗi.

Maigarejinku kada ki yi masa wa'azi, ba ya so, ni ma da ba na so. Ki yi aikinki kawai, ki yi shi da kyau har ya rasa abin cewa. Dogo kuma ki bar shi da haƙoransa.

Kada ki damu da ni, ina da wasu a ɗakin kaya. Mamarki ba za ta ji daga bakina ba.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya kai da Inna. Ka ce mata lemon tsamin ya yi aiki, farcena ya dawo irin na mutane.

Tagwaye sun iso. Da na buɗe buhun na ga jan fentin nan da ka shafa musu, da inda hannunka ya goge shi har ƙarfen ya yi sheƙi, sai da na juya baya na share ido. Ban taɓa sanin labarin ƙafarka ba. Mama ma cewa take yi sanyi ne.

Ranar farko da na fito da su, garejin ya zama gidan kallo. Dogo ya ce, "Ku matsa, an kawo wa Hajiya kujerunta." Na yi kamar ban ji ba. Na sa waigi, na ɗaga, na ƙirga ramuka, na zura sakata, na tura taya. Sai na zo wurin da na fi jin kunya. Na sa kafaɗa na ture motar, na ce ƙasa-ƙasa, "In za ki faɗi, faɗi yanzu." Ashe mai gyaran wayoyin wutar mota yana bayana. Kafin la'asar sunana ya koma Faɗi-yanzu, har mai shayin bakin ƙofa da shi yake kirana.

Maigareji ya sha mur, ya ce ina cinye masa lokaci, masu mota suna jira. Washegari na roƙe shi ya duba agogonsa. Minti huɗu ne, Kawu, daga waigi zuwa turewa. Kuma da yake hankalina a kwance yake yanzu, na sauke salansar motar kafin Dogo ya gama neman sifanarsa da ya zauna a kai. Maigareji ya dai yi tsaki ya wuce. A wajensa wannan kusan yabo ne.

Da yamma ina goge su da tsumma in kulle a akwatina, don na lura idon mai gyaran waya yana yawan sauka a kansu.

Kai kuma yanzu sai ka huta. Zamaninka na shiga ƙarƙashin mota ya wuce, tsoho. Ka samu benci a inuwa, ka miƙe ƙafar nan, ka riƙa ba masu wucewa labarin da. Aikin ya dawo hannunmu.

Taka,
Faɗi-yanzu, wadda a da ake ce wa Sifana

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya, don gaskiya ban san ko lafiya ba.

Sau biyu ke nan direba yana zuwa hannu wofi. Na farko ya ce sauri yake yi bai tsaya ba. Na biyu ya ce kowa lafiya, amma yana faɗa yana duba tayar motarsa, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Na kira wayar Inna, tana ta ƙara ba a ɗauka. Mama kuma ba zan iya tambayarta ba sai na buɗe mata komai.

Na zauna na tuna abin da na rubuta maka, gabana ya faɗi. Na ce maka tsoho, na ce zamaninka ya wuce. Wallahi tsokana ce irin wadda muka saba, amma a takarda babu murya, babu dariya, sai baƙaƙen kalmomi kawai. In shi ne ya ɓata maka rai, ka yafe mini. Ka rubuto ko zagi ne, zan karɓa da hannu biyu.

Ga abin da nake ta ƙaguwa in faɗa maka. Ranar Talata da hantsi ina ƙarƙashin wata babbar mota ta ɗaukar ma'aikata, ina kwance da sifana a hannu, fuskata daidai tukunyar baƙin mai. Sai na ji wani sauti kamar an saki numfashi a hankali. Na juya kai, na ga jek ɗin yana sauka shi kaɗai, mai yana tsiyaya ta gefensa. Robar nan da ka ce ba ta fi zobe ba, ita ce ta gaji. Jek ya sauka har ƙasa, ya bar motar.

Motar ko motsi ba ta yi ba. Tana zaune a kan Tagwaye kamar ba abin da ya faru.

Dogo ne ya fara gani. Ya yi wani ihu da ban san yana da shi ba, ya kamo ƙafafuna ya fizgo ni waje har kwalin ya yage. Na tashi zaune ina kakkaɓe riga, shi kuwa ya durƙusa yana kallon jek, yana kallona, gumi yana keto masa. Da safen ranar da wannan jek ɗin ya shiga ƙarƙashin wata mota, babu ko bulo.

Maigareji ya zo ya tsaya ya daɗe. Ya sa ƙafa ya taɓa jek ɗin, ya sunkuya ya duba yadda sakata ta zauna. Ya miƙe ya wuce. Amma jiya an kwashe bulon nan duka an zubar bayan katanga, ya kuma ce an yi masa odar matokarai. Da rana kuma na ji Dogo a bayan wata mota, ya zaci ba kowa, yana ture ta da kafaɗa yana yi mata magana.

Ka ga, da kai na fi so in yi wannan dariyar. Ka amsa mini, Kawu.

Sifana

*

Sifana,

Wa alaikumus salam. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Inna ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma ta rantse ba za ta rubuta ƙarya ba, don haka ba zan ce miki lafiya ƙalau ba. Da sauƙi dai. Hannun dama yana cikin filasta, haƙarƙari biyu sun tsage, in na yi dariya sai na yi nadama. An sallamo ni daga asibiti kwana tara da suka wuce. Ni na hana direba faɗa, ni na hana Inna ɗaukar waya. Kunya ce, ba fushi ba.

Ga yadda aka yi. Takardarki ta zo, na karanta, na yi dariya. Amma maganar bencin nan ta zauna mini a rai kamar tsakuwa a takalmi. Bayan kwana biyu tela maƙwabcinmu ya zo yana kukan motarsa tana zubar da mai, ya ce zai kai gareji, tunda ni yanzu na ajiye. Kin ji, shi ma benci yake nuna mini. Na ce ya bar ta a ƙofar gida, aikin minti goma ne.

Na jira Inna ta tafi kasuwa. Na sa waigi, na ɗaga, na cire taya. Na tsaya ina kallon jek, na san abin da na rubuta miki, har na ji muryata a kunnena, kunnen da ba ya jin ta kowa. Na ce minti goma ne kawai. Ban ture ta ba, ban yi mata magana ba, don na san amsar da za ta ba ni. Ƙasar ƙofar gidanmu kin san ta, an yi ruwa kwana biyu kafin nan. Ina jan noti gindin jek ya nutse gefe ɗaya.

Abin da ya bar ni da rai, bayan ikon Allah, tayar nan ce. Ban ma tuna na tura ta ƙarƙashi ba, hannuna ne ya yi shi kaɗai saboda sabo. Motar ta sauka a kanta, ta danne ni amma ba ta gama da ni ba. Tela ya ji ƙara daga shagonsa, ya fito da almakashi a hannu yana kiran jama'a.

Yanzu ki ji da kyau. Ba ke kika tura ni ba. Tsokanarki ta fi mini maganin da suke ba ni, kada ki daina. Girman kaina ne ya kwantar da ni a wurin. Da Inna ta karanta mini labarin jek ɗinku, na ce ta sake, ta sake. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Na san halinki, za ki ce ki dawo mini da Tagwaye. Kada ki kuskura. Inda suke nan ne wurinsu.

Kawunki

Sifana, ni ce Inna, wannan nawa ne, ya yi barci bai san na ƙara ba. Babu wasu matokarai a ɗakin kaya. Ba a taɓa yin wasu ba. Ni nake share ɗakin nan shekara talatin, daga tsofaffin tayoyi sai gwangwanayen giris. Ranar da ya ɗaure su a buhu na ce masa, kai fa? Ya ce shi ya gama shiga ƙarƙashin mota. Na faɗa miki ne don ki san irin son da yake yi miki, ba don ki ɗora wa kanki laifi ba. Motar tela tana nan a ƙofar gida an rufe ta da tamfol, shi kuma kullum sai ya leƙa ta taga yana kallonta. Kallon nan ba na son shi. In filastar nan ta fita ban san me zan yi da shi ba.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu, Allah ya ƙara sauƙi ya tashi kafaɗarka. Inna, sannu da jinya, sannu da haƙuri da wannan majinyaci mai taurin kai. Ki karanta masa da ƙarfi, ta kunnen hagu.

Na karanta takardarku a bayan gareji, na yi kuka har mai shayi ya kawo mini ruwa. Da na gama sai haushi ya kama ni. Mutumin da ya ce da yana kusa sai kunnena ya yi zafi! Ka gode wa Allah akwai nisa tsakaninmu. Dogo aƙalla bai sani ba ne. Kai ka sani, ka rubuta da hannunka, sannan ka jira Inna ta fita kamar mai shirin satar nama a tukunya.

Maganar ɗakin kaya kuma na ji. Ba zan ce komai a kanta ba, don duk lokacin da na fara sai biron ya tsaya.

Ka ce kada in dawo da Tagwaye. Na ji, ba zan dawo da su ba, nawa ne. Amma zan kawo su ziyara. Na nuna wa Maigareji takardar, ya karanta, ya yi tsakin nan nasa, ya ba ni kwana uku. Ya ce in gaishe da tsohon, in kuma tambaye ka ko kana da wata dabarar da ka rage. Direba zai ɗauko ni a zuwansa na gaba.

Inna, ki ce wa tela ya kwantar da hankalinsa, bakanikiya tana tafe. Kafin nan ki ɓoye jek ɗin, ki ba telan ya kulle a shagonsa.

Kai kuma, Kawu, a nemo katako mai kauri saboda ƙasar ƙofar gidan nan. Za mu fito da benci, wannan karon ba tsokana ba ce, za ka zauna kusa da ni inda zan riƙa ganin ƙafafunka. Ni zan ƙirga ramuka, ni zan zura sakata. Turewa ma ni zan yi, amma maganar kai za ka faɗa mata, don muryarka ta sani. In na shige, zan miƙo hannu ba tare da na ce komai ba, kamar yadda kake yi mini a da.

Ka tabbata sifanar da za ka ɗora mini a tafi ita ce daidai.

Taka har kullum,
Sifana